KARAKARA: DAGA FAIFAN RANA ZUWA FITILAR ƊAKI

A garuruwan karkara na jahar Dosso faya-fayan rana sun yawaita bisa rufin gidaje, da ƙofar shaguna, da bakin rijiyoyi. Amma masu su da yawa suna kukan batir da ke mutuwa tun shekara ba ta kewayo ba, da fitilun da ke dushewa kafin a gama hirar dare. Sau da yawa laifin yana ga wani ɗan akwati da ke tsakanin faifai da batir, wanda mai saye bai cika dubansa ba. Sanin aikin wannan akwati ya zama wajibi ga manomi, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin hukuma.

Inda Karakara take

Karakara tana cikin gundumar Junju, wadda aka cire daga ta Gaya a shekarar 2011, tare da Zabori da ita Junju kanta. Ƙasar tana bakin Dallol Mawri, kusa da iyakar jahar Kabi ta Nijeriya. Wuri ne mai fadama da giginya, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa, ana noman gero da dawa da damina, da rani kuma a shiga garka a yi rake, da rogo, da dankali, da kayan miya. Yankin Gaya shi ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar Nijar, amma duk da haka ranakun da rana ke fita tas sun fi na hadari yawa nesa ba kusa ba.

Wutar kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ta daɗe tana ratsa jahar Dosso. Tun 1976 babban layi mai bolt 132.000 yake ɗauko wutar madatsar Kainji daga Birnin Kabi zuwa Yamai, garin Gaya kuma aka haɗa shi da wani ƙaramin layi daga Kamba. Sai dai wucewar waya ta saman gona ba ta kunna fitila a ƙauyen da ke ƙarƙashinta. Kafin a sauko da wuta daga irin wannan layi sai an gina tasha, an kafa turaku, an ja waya gari gari, kuma kuɗin haka yana da nauyi ga ƙauyukan da ke warwatse. Shi ya sa a ƙasar baki ɗaya wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba.

Shekarar 2023 ta ƙara koya wa jama'a darasi. A watan Agusta na shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni birane suka sha duhu, alhali mai ɗan faifansa a ƙauye yana kunna fitilarsa kamar kullum.

Wuta iri biyu ce

Domin a gane aikin akwatin, sai an fara sanin cewa lantarki iri biyu ne. Akwai wuta miƙaƙƙiya, wadda ke bin waya ta fuska ɗaya kamar ruwan kwari a garka. Ita ce ke cikin batirin tocila, da na mota, da na salula, kuma ita faifan rana ke bayarwa. Akwai kuma wuta mai kai-da-kawowa, wadda ke zuwa gaba ta komo baya sau 50 cikin sakan guda. Ita ce wutar NIGELEC da ta injin janareta, mai bolt 220.

Kalmomi uku ne ake auna su duka da su. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar tsawon hasumiyar tankin ruwa: in ta yi tsawo ruwa ya fito da ƙarfi. Amfer shi ne yawan abin da ke gudana cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin tiyo. Wat kuwa shi ne aikin da su biyun ke yi tare, ana samunsa in an ninka bolt da amfer. Fitilar da ke jan amfer 1 a bolt 12 tana cin wat 12 ke nan.

A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar lantarki a birnin New York na Amurka da wuta miƙaƙƙiya, amma ba ta iya kai wa gidajen da suka wuce kilomita ɗaya ko biyu. Nikola Tesla da George Westinghouse suka tsaya kan mai kai-da-kawowa, domin ita ana iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma a tura ta nesa, a kuma sauke shi in ta isa. Taransifoma ba ya aiki da wuta miƙaƙƙiya. Wannan dalili ne ya ba su nasara, duniya ta bi hanyarsu shekara ɗari da ɗoriya.

Yanzu al'amarin ya soma juyawa. Fitilun zamani marasa zafi, da salula, da talabijin mai faɗin fuska, da kwamfuta, duk a cikinsu da wuta miƙaƙƙiya suke aiki. Kan cajin salula ba abin da yake yi sai mai da bolt 220 mai kai-da-kawowa zuwa bolt 5 miƙaƙƙiya. To, mai faifai da ya sayi na'urar da ake kira ondila a kasuwannin Nijar, inbata a ƙetaren iyaka, yana juya wutarsa sau biyu: daga miƙaƙƙiya zuwa mai kai-da-kawowa, sannan a komo da ita yadda take tun farko. Kowane juyi da hasararsa. Ƙaramin ondila yakan cinye wajen kashi 10 cikin 100 na abin da ya bi ta cikinsa, kuma yana shan batir ko ba a kunna komi ba, muddin an bar shi a buɗe. Daga nan masana suka fara tambaya: me zai hana a bar wutar rana a miƙenta tun daga faifai har fitila?

Nijar ta daɗe a wannan fage

Faifan rana na farko mai amfani an ƙera shi a Amurka a 1954, yana mai da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa lantarki. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1965, Nijar ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya riƙe ofishin daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera tankunan ɗuma ruwa, da murhu, da na'urorin tace ruwa masu aiki da zafin rana. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma tana ɗauke da sunansa. Tun 1968 aka gwada kunna talabijin na makaranta da faifan rana a ƙasar, abin da ya sa Nijar cikin ƙasashen farko da suka kai wannan fasaha karkara.

A wancan zamani faifai shi ne mai tsada, sai gwamnati ko ƙungiyar taimako ke iya sayensa. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Ƙasa ta gina tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Guru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023, talaka kuma ya iya sayen faifansa a kasuwar mako. Da faifai ya yi araha, sai nauyin kuɗi ya koma kan batir. Abin da ke tsare ran batir kuwa shi ne majuyin wuta.

Yadda majuyin wuta ke aiki

Faifai ba ya ba da wuta daidai wa daida. Da hantsi daban, da azahar daban, in gajimare ya gitta ta ragu nan take. Batir kuma yana da nasa hali: mai bolt 12 yana son a cika shi zuwa wajen bolt 14, in an wuce haka ruwansa ya tafasa ya ƙafe, in kuma an zuƙe shi ƙarƙaf faifan darmar da ke cikinsa su lalace. Majuyin wuta, wanda masu shago ke kira regilata, shi ke tsakani yana daidaita su.

A cikinsa akwai abubuwa uku. Na farko ƴar ƙofa ce ta lantarki, taranzisto, mai buɗewa da rufewa sau dubban goma cikin sakan guda. Na biyu naɗin waya ne, wanda ke riƙe ƙarfi lokacin da ƙofar ke buɗe ya sake shi lokacin da ta rufe, don kada gudun wutar ya yanke. Na uku kondansata ce, wadda ke aikin randa: ana zuba mata da guga guga, ana ɗiba daga gare ta a natse. In ƙofar tana buɗe kashi uku cikin huɗu na lokaci, bolt 18 na faifai sai ya sauko ya zama 13 da rabi. In aka sāke jeren waɗannan abubuwa uku, sai majuyin ya ɗaga bolt maimakon ya sauke shi. Akwai kuma mai aiki fuska biyu, wanda ke zuba wuta cikin batir da rana ya fitar da ita da dare.

Hikimar ita ce ƙofar da ke rufe ruf ko buɗe wangam ba ta cin wuta sai kaɗan. Saboda haka abin da aka rage na bolt ba ya ɓacewa, yana komawa ƙarin amfer. Majuyi na kirki yana isar da kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na abin da ya karɓa. Wato aikin da taransifoma ke yi wa wuta mai kai-da-kawowa, wanda Edison ya rasa, shi wannan ɗan akwati ke yi wa miƙaƙƙiya.

Regilata iri biyu a kasuwa

Mai saye zai tarar da iri biyu. Mai araha, wanda aka rubuta wa PWM, haɗa faifai da batir kawai yake yi kai tsaye, ya dinga yankewa in batir ya kusa cika. Faifai mai wat 100 yana ba da ƙarfinsa duka a wajen bolt 18 da amfer 5 da rabi. In aka haɗa shi da batir kai tsaye, batir ya ja shi ƙasa zuwa bolt 13, amfer kuwa bai ƙaru da wani abin kirki ba, abin da ke shiga bai wuce wat 70 zuwa 75 ba.

Mai tsada, wanda aka rubuta wa MPPT, shi ne majuyi na sosai. Yana barin faifai ya tsaya a inda ƙarfinsa ya fi yawa, sannan ya sauke bolt ɗin ya ƙara amfer. Da yake wannan wuri yana matsawa da sauyin rana da zafi, sai na'urar ta dinga nemansa kamar mai murɗa rediyo yana neman tasha: ta matsa kaɗan, in wuta ta ƙaru ta ci gaba, in ta ragu ta komo. Haka take yi tun fitowar rana har faɗuwarta.

Amma fa a nan akwai abin lura ga mutanen Dallol. Wat ɗin da aka rubuta bayan faifai an auna shi ne a zafin digiri 25. Da bazara faifan da ke kan rufin kwano yakan kai digiri 60 ko fiye, kuma kowane digiri guda bisa 25 yana rage masa wajen kashi 4 cikin 1000. A digiri 65 ya rasa kusan kashi 16 cikin 100, kuma bolt ɗin ne ke faɗuwa. Ƙaramin faifai mai bolt 18 sai ya sauko kusa da abin da batir ke so, ribar MPPT ta ragu. Don haka mai ƙaramin faifai ɗaya da fitilu uku ko huɗu bai yi kuskure ba in ya tsaya kan PWM na ƙwarai. Wanda ya yi hasara shi ne mai manyan faya-fayan nan na wat 300 ko 400, masu bolt 30 zuwa 40, da ya haɗa su da batir mai bolt 12 ta PWM: fiye da rabin abin da ya biya kuɗinsa ba ya shiga batir. Ana kuma samun akwatunan da aka buga wa MPPT a jiki alhali cikinsu PWM ne. Na gaskiya yana da nauyi a hannu saboda naɗin wayar da ke ciki. Araha ba ta ado.

Ga lissafin gida guda. Fitilu 4 masu wat 5 na awa 5 sun ci 100. Fanka mai wat 15 ta awa 6 ta ci 90. Talabijin mai wat 20 na awa 4 ya ci 80. Cajin salula uku a ce 30. Jimla 300 ke nan a yini. Faifai mai wat 100, da ranar Dosso, bayan an cire hasarar zafi da ƙura, yana iya biyan wannan bukata. In an raba 300 da bolt 12 an sami 25. Da yake batirin darma ba a son a sha fiye da rabinsa, mafi ƙanƙanta da ya dace shi ne mai lamba 50, mai lamba 100 kuwa ya fi, don ranar da hadari ya rufe sama. Gidan da ya ɗora wannan kaya kan ƙaramin batirin babur, ko ya cire regilata don tana yanke masa wuta da dare, shi ke sayen sabon batir kowace shekara. Yankewar nan da ake jin haushinta ita ce gadin batir.

Daga gida guda zuwa unguwa

Matsalar faifan gida ɗaya ita ce, sau da yawa kafin la'asar batir ya cika, sauran hasken yini ya tafi a banza, alhali maƙwabci yana kwana a duhu. In an haɗa gidaje goma ko ashirin da waya, rarar wani ta zama abincin wani, kamar yadda bankin hatsi ke yi a gari.

Sai dai bolt 12 ba ya tafiya. A ɗauki wat 120 da za a kai gidan da ke nesa da mita 50, da wayar jan ƙarfe irin wadda masu shago ke kira biyu da rabi. A bolt 12 sai an tura amfer 10, kuma wajen wat 70 zai ƙare a hanya, ya zama zafi cikin waya. A bolt 48 amfer 2 da rabi ya isa, hasarar ba ta kai wat 5 ba. Ƙa'idar ita ce in an ninka bolt sau huɗu hasara ta ragu sau goma sha shida. Shi ya sa masu tsara layin unguwa suka fi zaɓen bolt 48, wanda haɗarinsa ga jikin mutum kaɗan ne, kuma da shi turakun kamfanonin salula ke aiki tun da daɗewa. Kowane gida sai a ba shi ƙaramin majuyi da zai sauke 48 zuwa 12 don fitila da fanka, da 5 don salula. Inda tazara ta yi yawa, ko ana son injin niƙa, akan hau zuwa bolt 380, amma wannan wuta ce mai kisa, sai ƙwararre.

Saura tambayar da ta fi wahalar da masana: in faya-fayai da batura da yawa suna kan layi guda, wa zai ce wa kowanne yawan abin da zai bayar? In babu tsari, batir ɗaya ya ɗauki nauyin kowa ya mutu da wuri. Dabarar da aka fi amfani da ita ba ta bukatar shugaba. Ana tsara kowane majuyi ya dinga sassauta bolt ɗinsa kaɗan gwargwadon nauyin da ke kansa, ta haka wanda ke da sauƙin kaya sai ya karɓi ƙari. Masu ɗaukar jinka ba sa jiran umurni, kowa yana jin nauyi a kafaɗarsa ya gyara tsayuwa. Bolt na layin kuma ya zama kamar farashin tiyar gero a kasuwa: in ya hau bisa 48 akwai wadata, batura su sha, in ya sauka akwai ƙaranci, batura su bayar, in ya ƙara sauka a yanke talabijin da fanka, a bar fitila da firjin magani.

An riga an gwada wannan a wasu ƙasashe. A Bangaladash, inda aka kafa faifan gida fiye da miliyan 4, kamfanin SOLshare ya fara haɗa gidaje da layin wuta miƙaƙƙiya a 2015, da kwanta mai ƙirga abin da gida ya bayar da abin da ya karɓa, mai rara ya sami kuɗi. A Indiya, babbar makarantar fasaha ta Madras, ƙarƙashin Farfesa Ashok Jhunjhunwala, ta kai tsarin bolt 48 dubban gidaje a jahar Rajastan, da fitilu da fankoki da aka ƙera domin wannan wuta.

Gidan likita da garka

Wurare biyu ne amfanin abin ya fi fitowa fili. Alluran rigakafin yara suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, dare da rana. Firjin rana na da ya dogara da batir, in batir ya mutu magani ya lalace. Tun wajen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani irin firji marar batir: majuyi yana tuƙa injinsa kai tsaye daga faifai, da rana ya daskarar da ruwa cikin bangonsa, ƙanƙarar ta riƙe sanyi kwana da kwanaki. Ɗakin haihuwa kuma fitila biyu ko uku masu wat 5 sun ishi ungozoma ta aje tocila.

A garka ma haka. Manomin rake da ke ban ruwa da injin esansi yana biyan mai kowace safiya, kuma farashin mai a bakin iyaka ya tashi tun da Nijeriya ta janye tallafinsa a 2023. Famfon rana ba ya bukatar batir. Majuyinsa yana tayar da injin a hankali da hantsi, ya ƙara masa gudu da tsakar rana, ya tsayar da shi in rijiya ta yi ƙasa don kada ya ƙone. Abin da za a adana shi ne ruwa cikin tanki ko kwarami, wanda ya fi batir araha da daɗewa. A fadamar Dallol, inda ruwa ke kusa, ƙaramin famfo ya wadatar. Abin tsoro ɗaya shi ne, da yake rana ba a biyanta, mutum ya bar famfo yana zuba yini zubur, ruwan ƙasa ya ja baya, kanwa ta taso bisa gona.

Zafi, ƙura da gobara

Na'urar da aka ƙera don ƙasar sanyi ba lalle ta jure bazarar Dosso ba. Kondansata mai ruwa a ciki, wadda ke cikin yawancin majuya masu araha, kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanakinta biyu. Batirin darma ma kusan haka yake. Don haka wurin aje su shi ne ɗakin ƙasa mai inuwa da iska, nesa da kwanon rufi. Majuyi mai ƴar fanka a ciki yana zuƙar ƙurar hunturu har ta toshe shi. Wanda ke rufe ruf, mai haƙarƙarin ƙarfe a baya don fitar da zafi, ya fi dacewa da karkara. Faifai kuma a bar masa sarari a ƙarƙashi iska ta ratsa, a share shi da sassafe kafin ya yi zafi. Batirin lityum na zamani ya fi na darma daɗewa sau da yawa, amma sai da nasa mai gadi a ciki, da majuyin da aka saita dominsa.

Wuta miƙaƙƙiya tana da wani haɗari nata. Mai kai-da-kawowa tana ratsa sifiri sau 100 cikin sakan, don haka tartsatsinta yakan mutu da kansa. Miƙaƙƙiya ba ta tsayawa: in waya ta saki a mahaɗa, tartsatsin ya kama ya yi ta ci. A garin da ke da rufin ciyawa da dangar kara, da iskar hunturu, wannan ba abin wasa ba ne. Dole kowane batir ya sami fis a bakinsa, maɓallan yankewa su zama waɗanda aka yi don wuta miƙaƙƙiya, mahaɗa a ɗaure ta da ƙusa maimakon a murɗe a naɗe da leda. Layin da ya ratsa unguwa kuma yana bukatar makarin tsawa da sandar ƙarfe a ƙasa kafin damina.

Mataccen batir shi ma guba ne. Darma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A jahar Zamfara a 2010 ƙurar darma daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Bai kamata a fasa batir a tsakar gida ko a narka darmarsa kusa da abinci ba.

Manyan layukan duniya

Wuta miƙaƙƙiya ta komo har a manyan layuka, domin a tafiya mai nisa ƙwarai ta fi ƙarancin hasara. Suwidin ta fara a 1954 da wayar ƙarƙashin teku zuwa tsibirin Gotland. A Afirka akwai layin Kahora Basa daga Mozambik zuwa Afirka ta Kudu, wajen kilomita 1.400, da na Inga zuwa Kolwezi a Kwango, kilomita 1.700, wanda ya fara aiki a 1982, da na Habasha zuwa Kenya na 2022. A kowane bakin layi akwai tashar juya wuta mai faɗin fili, amma ƙa'idar aikinta ɗaya ce da ta ɗan akwatin da ke rataye a bangon shago.

Kusa da gida, a 2022 aka ƙaddamar da aikin layi mai bolt 330.000 na ƙasashen yammacin Afirka, daga Birnin Kabi zuwa Yamai da Wagadugu, wanda tsarinsa ya tanadi tasha a Zabori da reshe zuwa Malanbil ta Benin. Shi wannan na wuta mai kai-da-kawowa ne. Duk ranar da wutar kamfani ta iso wani ƙauye, layin unguwa ba ya zama hasara: majuyi guda mai fuska biyu ya isa ya haɗa su, batura su zama abin dogaro in an ɗauke wuta.

Abin da ya rage ga hukuma da jama'a

Ƙasa tana da hukumar ANPER, wadda aka kafa a 2013 don kai lantarki karkara, da shirin Haske wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Amma kayan da ya fi yawa a ƙauyuka mutane ne suka saya da guminsu, ba mai duba musu. A nan aikin ma'aikata yake. Ya kamata duk kwangilar da ƙaramar hukuma za ta bayar, ta gidan likita ko ta makaranta ko ta rijiya, a rubuta a cikinta irin majuyin da za a sa, da zafin da zai iya jurewa, da wanda zai gyara shi, da inda za a sami kayan canji. Ya kamata masu binciken kaya a bakin iyaka su san bambancin na gaskiya da na jabu. Ya kamata cibiyoyin koyon sana'a na gunduma su horar da samari da ƴan mata auna bolt da amfer, domin gyaran da za a jira mutum daga Dosso ko Yamai ya zo ya yi, sau da yawa ba a yinsa.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma suna da nasu rabo. Wanda ya iya karanta lambar da ke bayan faifai, ya iya ninka bolt da amfer, ya iya riƙe littafin kuɗin ƙungiya, shi ne zai hana a cuci garinsu. Layin unguwa ba ya tsayawa sai da kwamiti mai karɓar kuɗi kowane wata yana tarawa don ranar canjin batir, kamar yadda ake yi wa famfon gari. Garin da ya shirya haka, ya nemi shawarar masana kafin ya sayi kaya, shi zai ci amfanin ranar da Allah ya hore wa ƙasar Dallol.